Daga Kara zuwa Ƙofar Gida: Tarihin Dillancin Gidaje a Ƙasar Wudil

A Lajawa, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil, idan magidanci ya kwanta dama, magada suka ga gidan da ya bari ba zai rabu ba sai an mayar da shi kuɗi, dillali ake fara aika yaro ya kira. Shi zai zaga gidan, ya ƙirga ɗakuna, ya dubi katanga da rijiya, ya faɗi abin da yake ganin kasuwa za ta bayar, sannan ya shiga neman mai saye. Abin ya zama jiki har ana ɗauka tun fil'azal haka yake. Alhali kuwa dillali a kasuwa ya girma, tsakanin turkudi da shanu. Shigarsa sha'anin gida da fili ta baya-bayan nan ce, kuma a kan hanyarsa ta zuwa ya yar da mafi nauyin kayan aikinsa.

Kalmar dillali aro ce daga Larabci, dallal, wato mai nuni ko mai shelar haja. Ana kuma ce masa simsar. Sahabi Ƙais ɗan Abu Garaza, Allah Ya yarda da shi, ya ba da labarin cewa da sunan samasira ake kiransu a Madina, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira su da sunan 'yan kasuwa, ya kuma hore su da sadaka saboda rantsuwa da yasasshiyar magana da kan shiga ciniki. Imam Bukhari ya ware babi a kan ladan dillali a cikin Littafin Ijara, inda ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Malaman Malikiyya suka zo suka tsefe mas'alar. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya bambance ɗan jinga da ɗan ƙodago: wanda aka yanka wa lada a kan ya sayar da kaya, ba a sa masa wa'adi, kuma ba shi da ko anini sai ciniki ya faɗa, wanda kuwa aka ɗauka aikin tallar kaya zuwa wani wa'adi, ladansa na nan ko bai sayar ba. Tun a ƙarni na huɗu na Hijira wani malami na ƙasar Tunisiya, Abul Abbas al-Ibyani, ya amsa tambayoyin da aka tara su littafi guda a kan dillalai kaɗai, Masa'il al-Samasira. Da Risala da Muhtasar na Halil alƙalan Kano suke hukunci, saboda haka dillalin Kasuwar Kurmi ya taso ne da ƙa'ida a kansa.

Shaidar yadda ƙa'idar ta yi aiki ta zo daga bakin baƙo. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya sauka Kano a farkon 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya lura cewa ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin kowace riga ko turkudi. Idan an kai kayan Barno aka kwance aka tarar da algus, sai a komo da su Kano, a nemo dillalin, shi kuma ya nemo mai kayan, a tilasta masa mayar da kuɗi. Abin lura a nan shi ne dillali ba ya biya daga aljihunsa. Nauyin da ke wuyansa shi ne ya san mai kaya na gaskiya, ya kuma iya fito da shi ranar da aka buƙata. Haka fiƙihun ya tanada: alhakin haja yana kan mai ita, dillali amintacce ne matuƙar bai ɓoye komai ba. A kan wannan tsari kasuwar kara ta Wudil, da ke ci ranar Juma'a, ta ginu. Bafulatani ya koro saniya daga nesa, mahauci bai san shi ba, dillali ne ke tsayawa a kan cewa ba ta sata ba ce. La'adarsa ladan wannan tsayawar ce. Abner Cohen ya tarar da irin wannan a Sabo ta Ibadan, inda fatake da mahauta ke cinikin shanu bashi bisa lamunin masu masauki da dillalansu, ya kuma bayyana shi a littafinsa na 1969.

Gida bai shiga wannan kasuwa da wuri ba, kuma dalilin a fili yake. A karkara ɗakin tubali da jinka da dangar kara ba su da wata daraja da ta wuce gumin da aka zuba musu. Baƙon da ke son zama a gari wurin mai gari yake zuwa, ya yi gaisuwa, a nuna masa inda zai kafa. Wanda ya yi ƙaura yakan kwashe azara da ƙyaure, ya bar sauran ga damina, wurin ya zama kufai har a ba wani. Littafin da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta a kan ƙasa, Ta'alim al-Radi, magana yake a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da mataccen fili, irin su raya shi da kyautar shugaba. Wannan kaɗai ya nuna inda hankalin zamanin ya karkata. Ƙasar Wudil tana hannun Joɓawa, zuriyar su Malam Bakatsine na Utai, masu riƙe da sarautar Makaman Kano, kuma ta hannun dagatai da masu unguwanni ake sanin iyakar kowa. Ba a ce ba a sayar da komai ba: Polly Hill ta nuna cewa a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a ta yi yawa, cinikin gona tsohon abu ne. Sai dai ciniki ne tsakanin waɗanda suka san juna, a gaban mai unguwa da liman da maƙwabta. Inda kowa ya san kowa, dillali ba shi da abin yi.

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1908 wani kwamiti ya zauna a Landan a kan ƙasar Arewa, dokar da ta biyo baya a 1910 ta sa dukkan ƙasa a ƙarƙashin Gwamna, talaka yana da haƙƙin amfani kawai. Amma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kuɗi suka shiga ƙauye, gona ta yi daraja. Kundin shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 zuwa 1914, wanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, cike yake da ƙararrakin gona. Mutane suka samo mafita ta baki: ba ƙasa ake sayarwa ba, gini da wahalar da aka yi a kanta ake sayarwa. Dokar 1962 ta bi sawun ta 1910. Ta 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta bar filayen karkara ga ƙananan hukumomi, ta kuma shar'anta amincewar hukuma kafin haƙƙin zama ya koma hannun wani. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida saboda rashin amincewar gwamna. A takarda ke nan. A ƙauye ciniki ya ci gaba da tafiya da 'yar takarda mai sa hannun shaidu da hatimin dagaci.

Abin da ya buɗe wa dillali ƙofar gida shi ne kwano da siminti, sannan baƙo mai kuɗi. Ginin bulo ba ya narkewa idan mai shi ya tashi, dukiya ce a tsaye. Kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, da makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda, da tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri, duk sun kawo masu neman gida da fuloti waɗanda ba su san kowa ba. Gonaki suka koma filayen awon igiya. Mai sayarwa bai san mai saye ba, dole a nemi na tsakiya. Tun 1975 akwai hukumar tarayya mai rajistar ƙwararrun masu ƙiyasta gidaje, amma mutumin Lajawa ba ofishinsu yake zuwa ba. Wanda ya saba gani a kara ko a kasuwar hatsi shi yake kira. Shi kuwa ya taho da harshensa na kasuwa: a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama.

A nan ne tsofaffin mas'aloli suka dawo da sabon kaya. La'adar da aka fi ji a yau ta kaso ce, sau da yawa biyar cikin ɗari daga kowane ɓangare. Imam Malik a Muwaɗɗa ya yarda a ce wa mutum ya sayar a kan farashi kaza ya karɓi lada kaza, amma ya ƙi a yanka masa wani abu a cikin kowane dinari, domin ladan yana raguwa da raguwar farashi, bai san abin da zai samu ba. Malamai da dama na wannan zamani sun halatta kason bisa al'ada da maganganun magabata. Duk da haka magajin da ya ambaci farashi tun farko, ya yanka la'ada a kansa, ya fita daga saɓanin ba tare da asarar komai ba. Ɗorin da dillali kan yi a kan farashi ma yana da asali, domin an ruwaito Ibn Abbas ya yarda mai kaya ya ce abin da ya haura kaza na mai sayarwa ne. Sharaɗin shi ne mai kayan ya faɗa da bakinsa. Wanda ya gaya wa marayu an taya gidansu miliyan huɗu alhali ya karɓi biyar, ba shi da mafaka a wannan ruwaya. Kawo abokin sana'a ya yi tayin ƙarya don a zuga mai saye shi ne najashi da hadisi ya hana. Kafin alƙalami kuma, idan da sharaɗin ya nutse in an fasa, shi ne cinikin urbun da mazhabar Malik ba ta yarda da shi ba.

Mafi girma duka ita ce tambayar da dillalin zamanin Dabo yake amsawa da sunansa: wane ne mai kayan? Saniya mai ita ɗaya ne. Gidan gado kuwa yana iya zama na mutum goma sha biyu, ciki har da matar mamaci mai tumuni, da 'ya'ya mata da ke gidajen aure, da ƙaramin yaro, da wani da ya tafi Legas neman kuɗi shekara bakwai. Babban wa ba ya zama wakilinsu don girmansa kawai. Idan ya sayar da rabon wani ba da izini ba, cinikin yana rataye har mai haƙƙi ya amince ko ya rushe. Idan nasa rabon ya sayar wa bare tun ba a raba ba, sauran suna da shufu'a, su biya abin da baren ya biya su karɓe. Malikiyya ba su ba maƙwabci wannan haƙƙi ba, saɓanin Hanafiyya, amma sun ƙarfafa shi ga abokin tarayya: na gida yana rasa shi idan ya yi shiru shekara guda, wanda ba ya nan kuwa yana kan haƙƙinsa komai daɗewar tafiyarsa.

Don haka mai saye yana iya rushe ɗakuna ya ɗora bulo, sannan na Legas ya dawo ya nufi kotun shari'ar Musulunci. Halil ya yi magana a kan makomar la'ada idan aka mayar da haja saboda aibi: dillali ya mayar wa mai sayarwa da ladan, sai fa idan mai sayarwar ne ya ɓoye aibin, shi kuma dillalin bai sani ba. Hukuncin ya ɗauka cewa dillali mutum ɗaya ne sananne, mai mazauni a kasuwa. A cinikin gida na yau, labari yakan bi ta bakin mutum huɗu ko biyar kafin ya isa ga mai saye, kowa da rabonsa, a watse tun ranar da aka ƙirga kuɗi. Takardar cinikin takan ɗauki sunan mai sayarwa, da mai saye, da shaidu, da mai unguwa, da dagaci. Ba kasafai ake samun layin da aka rubuta wane ne dillali, ko nawa ya karɓa, ko daga hannun wa ba.