Wa Aka Gayyata? Yadda Mulkin Allah Ya Zama Liyafa a Wajen Kiristoci

A littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 14, akwai wata doka da ba kasafai masu wa'azi kan taɓo ta ba. An umarci manomin Isra'ila ya ware ɗaya bisa goma na hatsinsa da mansa da ruwan inabinsa kowace shekara, ya kai wurin da Allah ya zaɓa domin sujada, sa'an nan ya zauna shi da iyalinsa su cinye a can. In hanya ta yi nisa, kaya kuma sun yi nauyi, sai ya sayar ya ƙulle kuɗin, in ya isa ya sayi abin da ransa ke so, sa ne ko tunkiya ko abin sha, a ci a yi murna. An gargaɗe shi kada ya manta da Lawiyawa, waɗanda ba su da gona. A shekara ta uku kuwa a gari za a ajiye kayan, domin baƙi da marayu da matan da mazansu suka rasu su ci su ƙoshi.

Mutanen da suka tashi da irin wannan doka, da Idin Bukkoki na kwana bakwai bayan an gama girbi, ba mamaki in sun kwatanta ranar ceton Allah da cin abinci. Talaka a wancan zamani bai cika ganin nama ba sai ranar idi. Bayan da Babila ta rushe Urushalima da Haikalinta wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, bege ya ƙara karkata ga wata rana mai zuwa. Sura ta 25 ta littafin Ishaya, wadda masana da dama ke ganin bayan wannan masifa aka rubuta ta, ta zana ranar a matsayin walimar da Allah da kansa zai shirya a kan dutsensa, da nama mai kitse da tsohon ruwan inabi, inda za a kawo ƙarshen mutuwa a kuma share hawaye. Abin da ya fi jan hankali shi ne waɗanda za su ci: dukan al'ummai, ba Isra'ila kaɗai ba.

A nan aka yi ta kai ruwa rana. A 1947 makiyaya suka tsinci tsofaffin littattafai a kogunan Kumran, gefen Tekun Gishiri. Cikinsu akwai ƙa'idar wata jama'ar Yahudawa da ta ware kanta kafin zamanin Yesu har zuwa zamaninsa. Su ma suna jiran walimar Almasihu, amma sun tsara ta dalla-dalla: firist ne zai fara shiga, kowa ya zauna gwargwadon matsayinsa, kada wani ya riga firist miƙa hannu ga gurasa. Gurgu da makaho da kurma da mai wani lahani a jiki, har tsohon da ƙafarsa ke rawa, ba su da wurin zama a taron jama'ar, wai saboda mala'iku na nan.

Wanda ya karanta wannan, sai ya fi gane zafin abin da Luka ya rubuta a sura ta 14. Ranar Asabar ce, Yesu na cin abinci a gidan wani babban Bafarisiye, yana kallon yadda baƙi ke rububin wuraren manya. Sai ya ba da misalin mutumin da ya yi babbar liyafa, waɗanda ya gayyata suka shiga kawo uzuri. Wannan ya sayi gona, wancan ya sayi shanun noma, na uku kuwa ango ne. Maigidan ya fusata, ya aiki baransa ya bi lunguna ya kwaso matalauta da naƙasassu da makafi da guragu. Da wuri ya rage, ya sake tura shi bayan gari. Kusan jerin mutanen da Kumran ta rufe wa ƙofa ke nan, su ne aka zaunar.

Ba a misali kaɗai ya tsaya ba. Linjila ta nuna shi yana ci da masu karɓar haraji, waɗanda Yahudawa ke ɗauka maciya amana ne masu yi wa Romawa aiki, har abokan gaba suka laƙaba masa sunan maciyi kuma mashayi. Da aka tambaye shi abin da ya sa almajiran Yahaya Maibaftisma ke azumi nasa ba sa yi, sai ya amsa da cewa abokan ango ba sa azumi ango na tare da su. Bisharar Yahaya ta ce al'ajabinsa na farko a gidan biki ya yi shi, a Kana ta Galili, inda aka cika randunan dutse shida da ruwa ya zama ruwan inabi. In aka auna da mudun yau, kimanin lita 500 zuwa 700 ke nan, a bikin ƙauye. Sai kuma labarin ɗan da ya ɓatar da gadonsa ya dawo gida tsiya-tsiya, uba ya sa aka yanka kiwataccen maraƙi, aka kama kiɗa da rawa. Yayan ya dawo daga gona ya ji kiɗa, ya ƙi shiga. Labarin ya ƙare uban na tsaye a waje yana lallashinsa, ba a faɗa mana ko ya shiga ba.

Kada dai a ɗauka duk abin wasa ne. A Matiyu sura ta 22, misalin liyafar ya zama bikin ɗan sarki, kuma an fitar da wani baƙo waje saboda ya shigo ba kayan biki. A sura ta 25 'yan mata biyar sun tarar da ƙofa a rufe domin man fitilarsu ya ƙare. Masu son murna kan ɗauki Luka, masu son tsoratarwa su ɗauki Matiyu, alhali dukansu na cikin littafi ɗaya. Mai karatu Musulmi kuma zai tuna cewa a Suratul Ma'ida ma Hawariyawa sun roƙi Annabi Isa a saukar musu da teburin abinci daga sama, shi kuma ya yi addu'a ya zame musu idi.

A daren da aka kama shi, Yesu ya shaida wa almajiransa ba zai ƙara shan ruwan inabi ba sai a Mulkin Allah. Saboda haka Kiristocin farko suka ɗauki cin abincinsu na tare a matsayin ɗanɗanon waccan walima, wadda Wahayin Yahaya ya kira bikin auren Ɗan Ragon. Abinci ne sosai, na ƙoshi, a gidajen mutane, kuma Jibin Ubangiji a cikinsa ake yi. Ba a je ko'ina ba matsala ta kunno kai. Wajen shekara ta 54 Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar Koranti wasiƙa mai zafi: masu hali na riga kowa ci, wani ya bugu, wani kuma na zaune da yunwa. Wasu masana na ganin har ginin gidan ya taimaka, domin ɗakin cin abincin attajirin Roma mutum tara yakan ɗauka a kishingiɗe, saura sai tsakar gida. Duk wanda ya taɓa halartar bikin da aka yi wa manyan baƙi teburin sama, aka bar sauran jama'a suna jiran ragowar shinkafa, ya san Koranti ko bai taɓa jin sunanta ba.

Duk da haka al'adar ta ɗore. Wajen 112 gwamnan Bitiniya, Filini, ya rubuta wa Sarki Tirajan cewa Kiristoci na taruwa kafin asuba su yi waƙa, daga baya su sake haɗuwa su ci abinci irin na kowa, marar cutarwa. A 197 Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya bayyana yadda ake yin wannan liyafar ƙauna: a fara da addu'a, a ci daidai yunwa, a wanke hannu, a kunna fitilu, sa'an nan a kira kowa ya tashi ya rera waƙa. Ya ce ta haka ake gane iya abin da mutum ya sha. A bangon kaburburan ƙarƙashin ƙasa na birnin Roma har yau ana ganin zanen mutane kewaye da tebur, ga gurasa ga kifi. Haka suka zaɓa su zana wa matattunsu lahira.

Shekarar 325 ta kawo abu biyu. Taron bishop-bishop na Nikiya ya hana durƙuso a addu'a ranar Lahadi da kuma kwanaki hamsin daga Ista zuwa Fentikos, domin lokacin murna ne, a tsaye ake yi. Da aka gama taron, Sarki Kustantin ya gayyaci mahalarta liyafar cikarsa shekara 20 a kan mulki. Marubucin tarihi Yusibiyus ya ba da labarin yadda suka ratsa tsakanin dogarai masu zararrun takubba ba tare da fargaba ba, su da hukuma ke farauta shekaru kaɗan kafin nan, wasunsu har suka kishingiɗa kusa da sarki. Ya ce abin kamar hoton mulkin Almasihu. A ganina, nan misalin Luka ya juye. Liyafar da aka ce a je lungu a kwaso mata guragu ta koma fada, da masu gadi a ƙofa.

Daga nan tukunya ta fara barin coci. Jama'a ta yi yawa, sabbin shiga sun zo da al'adunsu na shagali a kaburbura, shugabanni kuma suka gaji da hayaniya. Taron Lawudikiya, wajen 363, ya hana yin liyafar ƙauna a cikin ɗakin sujada. A Milan, Bishop Amburos ya hana kai abinci da abin sha kaburburan shahidai, har mai gadi ya mayar da Monika, mahaifiyar Agustin, da kwandonta. Shi kansa Agustin, a 395, yana limami a Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, ya yi kwanaki yana wa'azi don hana bikin wani waliyyin gari da ake cika coci da ci da sha. Mutane suka yi gunaguni: waɗanda suka ƙyale mu a da, su ba Kiristoci ba ne? Wasu suka kafa hujja da cewa a cocin Bitrus da ke Roma ma ana sha. Agustin dai ya yi nasara. Abin da ya rage a kan tebur shi ne ɗan gutsuren gurasa da kurɓi ɗaya. Cewa an sake nanata hanin Lawudikiya a wani taro a 692 ya nuna ba kowa ya ji ba.

Abin da aka kora ta ƙofa ya riƙa dawowa ta taga. Cocin Otodoks na karanta wata gajeruwar huɗuba a daren Ista kowace shekara, wadda ake jingina wa Yohanna Kirisostom da ya rasu a 407, tana kiran wanda ya yi azumi da wanda bai yi ba su zo su ci, tebur a cike yake. A ƙasashen Jamus a da limamai kan ba da labaran ban dariya daga kan mumbari ranar Ista don jama'a su yi wa mutuwa dariya. A Ingila kuwa majalisar dokoki ta soke bikin Kirsimeti da na Ista a 1647, sa'an nan a Masacuset ta Amurka, daga 1659 zuwa 1681, tarar sule 5 ake cin duk wanda aka kama yana bikin Kirsimeti.

Ranar 13 ga Agusta 1727, 'yan gudun hijirar Morabiya da ke zaune a ƙasar wani basarake mai suna Zinzendof, a gabashin Jamus, suka ci Jibin Ubangiji tare bayan doguwar rashin jituwa. Da aka tashi sun kasa rabuwa, sai basaraken ya aiko musu da abinci daga gidansa. Daga nan suka farfaɗo da liyafar ƙauna. Jon Wesli ya gani a wajensu ya kai wa mabiyansa 'yan Metodis, sai dai su gurasa da ruwa suke rabawa, suna ba da shaida.

A Afirka gardamar ta fi tsayawa a kan ganga. Yawancin mishan na farko sun ɗauki kiɗa da rawar gargajiya kayan bori ne, suka hana. A cocin Katolika na Zayar sai a 1988 Fadar Paparoma ta amince da tsarin sujada mai rawa a cikinsa. A majami'un arewacin Najeriya, inda ake karanta Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932, Zumuntar Mata na cikin waɗanda suka shigo da tulu da caki da anko har gaban bagade, kuma ranar godiyar kaka da rawa ake kai damin dawa da doya da kaji. Ruwan inabin Kana dai bai samu shiga ba, domin da yawa daga cikin waɗannan ikkilisiyoyi sun hana mabiyansu giya.

A 1990 Toni Kamfolo, Ba'amurke malamin ilimin zamantakewa kuma mai wa'azi, ya fitar da littafi a kan cewa Mulkin Allah shagali ne. Labarin da aka fi tunawa a ciki a Honolulu ya faru. Barci ya ƙaurace masa, ya shiga wani ɗan shagon abinci da ƙarfe 3:30 na dare, sai ga mata masu zaman kansu sun shigo. Ya ji ɗayarsu na cewa gobe za ta cika shekara 39, kuma ba a taɓa yi mata bikin ranar haihuwa ba. Ya haɗa baki da mai shagon, washegari a daidai wannan lokaci suka tarbe ta da waƙa da kek. Matar ta rasa bakin magana, ta roƙa kada a yanka, a bar ta ta kai gida. Da ta fita aka yi tsit, sai Kamfolo ya yi mata addu'a. Mai shagon ya tambaye shi wace irin coci yake zuwa. Ya ce irin wadda ke yi wa karuwai bikin ranar haihuwa da tsakar dare. Mutumin ya ce ƙarya ne, babu irin wannan coci, da akwai da shi ma ya shiga.