Tarihin ƙarar rediyon da ke fitowa daga "ranar" da aka ɗaure da maganaɗisu 🧵

1/ Duk mai kunna rediyo da damina a Wasagu ya san ƙarar nan ta "ƙarrr" idan aka yi walƙiya. Walƙiya iska ce da ta yi zafi har ta zama filasma, kuma filasma tana watsa igiyoyin rediyo. Masu neman lantarki irin na rana ma suna jin irin wannan ƙarar a injinansu. Ga tarihinta.

2/ Rana tana samun wutarta ne ta hanyar haɗe ƙananan ƙwayoyin zarra. Kada a rikita da tukunyar nukiliya ta cibiyar CERT a ABU Zariya, wadda ta fara aiki a 2004. Ita tsaga manyan ƙwayoyi take yi.

3/ Matsalar haɗewa ita ce zafi. Tsakiyar rana digiri miliyan 15 ne, amma a doron ƙasa sai an wuce miliyan 100. Wace tukunya ce za ta ɗauka? Babu. Sai masanan Tarayyar Sobiyat, Igor Tamm da Andrei Sakharov, suka kawo dabara a farkon shekarun 1950: a rataye filasmar cikin zoben maganaɗisu kada ta taɓa bango. Sunan injin tokamak.

4/ A 1968, shekarar da aka kammala dam ɗin Kainji, Rashawa suka ce injinsu T-3 ya kai kusan digiri miliyan 10. Turawan Yamma ba su yarda ba. A 1969 masana daga Culham ta Ingila suka kwashi na'urorinsu har Mosko, suka auna, suka tarar gaskiya ne. Nan fa kowa ya koma gina tokamak.

5/ A 1982, a injin ASDEX na Jamus, Friedrich Wagner ya ga abin mamaki. Da aka ƙara zafi, sai filasmar ta yi wa kanta shinge a gefe, riƙon zafinta ya kusan ninka biyu. Aka kira shi yanayin H.

6/ Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsi yana taruwa a bayan shingen har ya ɓalle, kamar kunyar gona da ruwa ya cika. Cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa zafi ya watsu ya bugi bango, shingen ya sake ginuwa, ya sake ɓallewa. Wannan ɓallewar ake kira ELM.

7/ To ina rediyo ya shigo? Ƙwayoyi masu caji suna zagaya layin maganaɗisu kamar katantanwa. Idan masu tsananin gudu suka taru a gefe, sai su zuba ƙarfinsu cikin igiyoyin rediyo, wasu ƙasa da zangon FM, wasu sama da shi.

8/ A Nuwamba 1991, injin JET na Ingila ya fara gwada man diyuteriyom da tiritiyom. Eriya ta kama sigina, kuma ƙarfinta yana tafiya daidai da yawan haɗewar da ake samu. Idan babban ELM ya fashe, sai siginar ta faɗi. Wannan ya taimaka aka gane daga gefe take fitowa.

9/ Bayan 2010, injin KSTAR na Koriya ta Kudu ya auna abin da sauri sosai, aka ga sautin siginar yana sauyawa a daidai lokacin da shingen ke rushewa. Wato da eriya kawai, ba tare da tsoma komai cikin wutar ba, za ka iya bin yadda gefen ke zubewa.

10/ Me ya sa aka damu? ITER, ƙaton injin da ake ginawa a kudancin Faransa, manyan ELM za su iya narkar da fuskar ƙarfensa. Tun wajen 2003 aka nuna a injin DIII-D na Amurka cewa ƙananan maganaɗisu na iya danne su, amma dole a riƙa sa ido a kai kullum.

11/ Har yau babu tokamak da ke ba gari wuta, JET ma an rufe shi a ƙarshen 2023. Aikin bai ƙare ba. 'Yan ajin kimiyya na ƙasar Zuru, darasin igiyoyi da maganaɗisu da kuke gudu, shi ne ginshiƙin duk wannan. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa.