Faifai Lafiya Lau, Ajiya Ta Ƙi Buɗuwa

A shekarar 1988 ne wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar da maƙalar da ta raɗa wa RAID suna. Hujjarsu ita ce, maimakon a dogara da ƙaton faifai guda mai tsadar gaske, gara a haɗa ƙanana masu arha su yi aiki tare, a riƙa ajiye ƙarin lissafi ta yadda ko ɗaya ya mutu za a iya sake gina abin da ke cikinsa daga sauran. Dabarar ta yi maganin mutuwar faifai, amma ta haifo wata cuta da ba a cika ambata ba, wato a wayi gari faifai duk suna juyawa lafiya lau, sashen da aka zuba bayanai kuwa ya ƙi buɗuwa. Tarihin sana'ar ya nuna cewa a irin wannan hali bayanan galibi suna nan daram. Abin da ya rikice shi ne ɗan rubutun da ke faɗin wane faifai ne na fari, wane ne na biyu, da girman gutsuren da aka rarraba musu. Kamar ayarin gishirin Bilma ne da ya iso da kayansa cif, amma madugun da ya san kayan wa ke kan wane raƙumi bai iso ba.

Masu Linux sun daɗe suna fama da wannan rubutu. Tsohon tsarinsa, 0.90, a ƙarshen faifai yake zama, sai kwamfuta ta kalli farkon faifan ta ɗauka ajiya ce mai zaman kanta, ta buɗe shi ita kaɗai ta yi rubutu a ciki, tagwayen da ya kamata su zama iri ɗaya su saɓa. Shi ya sa tsarin 1.2 ya dawo da shi kusa da farko. Manhajar mdadm, wadda Neil Brown ya fara a 2001, tana kuma duba ƙidayar da kowane faifai ke riƙe da ita ta sauye-sauyen da aka yi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ƙidayar wani ta tsaya a baya, manhajar na iya ƙin haɗa su. Mai gaggawa sai ya ce ta lalace, alhali gudun ɓarna take yi. Gwani kan fara da karanta rubutun kowane faifai, ya kwafe su kaf, sannan ya gwada haɗi a kan kwafin. Wanda ya ba da umarnin ƙirƙirar sabon haɗi a kan tsohon ya shafe shaidar da hannunsa.

Wannan ya fi shafar yankin Arlit fiye da Berkeley. Tun da SOMAIR ta fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ta biyo a 1978 har aka rufe ta a Maris 2021, garuruwan yankin sun tara takardun albashi da na lafiyar ma'aikata da za a buƙata shekaru masu yawa nan gaba. Ga zafi, ga ƙurar hamada, ga lantarkin da ke zuwa daga tashar gawayi ta SONICHAR a Tchirozérine, mai nisa. Ƙaramar hukuma irin Gougaram kuwa tana nesa da mai gyara.

Za a ce ai katin RAID na musamman ya fi mdadm aminci, tunda wasu na da batirin da ke riƙe rubutu in wuta ta yanke. Haka ne, kuma ba ƙaramin amfani ba ne. Sai dai katuna da yawa suna rubuta tsarinsu ne da salon kamfaninsu, ranar da katin ya ƙone sai an nemo irinsa daga Yamai ko Kano ko ƙetare. Faifan mdadm kuwa kowace kwamfuta mai Linux na iya karanta su. Wasu kuma za su ce da RAID a hannu ba a buƙatar kwafi a wani wuri, kuma nan ne kuskuren ya fi muni: fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yana gogewa ne a kan faifan duka lokaci guda, gobara ko ɓarawo kuma akwatin gaba ɗaya suke tafiya da shi.