Kuturta da Kuben Jijiya: Daga Amanawa zuwa Ɗakin Bincike

A zamanin En'e, mutumin Bagudo da ya ga tabo ya fito masa a fata, ya tsikare shi da ƙaya bai ji zafi ba, to ya san tafiya ta kama shi. Ƙasarsa tana can bakin iyakar Dahomey, watau Binin ta yau, amma tana ƙarƙashin Gwandu a Lardin Sakkwato, kuma babban asibitin kuturta na lardin yana Amanawa, kusa da Sakkwato. Tun ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM ke riƙe da shi, tare da Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina. Allurar man wani itacen Indiya ake yi, sai wajen 1950 ƙwayar dafson ta maye gurbinta.

Likitocin nan sun san ƙwayar cutar, gama Hansen ya gano ta a Nowe tun 1873. Abin da ya shige musu duhu shi ne dalilin da ya sa ita kaɗai cikin danginta take bin jijiya.

Jijiyar da ke kai saƙon taɓi da zafi tana da kube mai maiƙo, wanda Virchow ya raɗa wa suna mayelin a 1854. In babu kuben, saƙo ba ya gudu. A hannu da ƙafa, ƙwayoyin halitta masu sunan Schwann ne ke naɗa shi. A ƙwaƙwalwa kuwa wasu ne dabam. Na farkon suna lulluɓe da wani siririn mayafi wanda na ƙwaƙwalwa ba su da shi, kuma a nan asirin yake. A 1997 da 1998, Anura Rambukkana da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka nuna cewa ƙwayar kuturta tana kama wani sinadarin mayafin, laminin, shi kuma ya sada ta da wata makarɓa da ke jikin ƙwayar Schwann, kamar baƙon da ya riƙe rigar ɗan gida ya shige zaure. Abin mamaki, a shekarar 1998 ɗin aka gano cewa ta wannan ƙofa ƙwayar zazzaɓin Lassa take shiga. A 2006 suka ƙara nuna cewa ƙwayar kuturta tana taɓa wata makarɓar, ErbB2, ta aika umurnin ƙarya cikin ƙwayar halitta, sai kube ya fara warwarewa.

Sauran ɓarnar dakarun jiki ne ke yin ta. Wanda garkuwarsa ta tashi da ƙarfi, ƙwayoyin cuta kaɗan ne a jikinsa, amma yaƙin a cikin jijiya ake gwabza shi, ta kumbura ta mutu. Wanda tasa ta yi sanyi, cutar ta bazu ko'ina. A kan wannan Ridley da Jopling suka kasa cutar kashi biyar a 1966.

Saboda haka, jama'a, maganar da ake yi cewa kuturta tana cin yatsu ba daidai ba ce. Hannun da ba ya ji ne ke ƙonewa a murhu, ƙafa ta taka ƙaya, miki ya ruɓe. Haɗin magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a 1981 yana kashe ƙwayar sarai, har Nijeriya ta sauko ƙasa da mutum 1 cikin 10,000 a 1998, amma ba ya ta da jijiyar da ta riga ta mutu, kuma kumburin kan taso ko bayan an gama shan magani.