Daga Doka Zuwa Dada: Tarihin Abin da Ake Ƙarawa a Kai

Matar da ta tashi daga Birnin Tsaba ko Zurmi ta je shagon kitso a Kaura Namoda ko Gusau tana son a yi mata dada, wato murɗaɗɗen gashin nan mai kama da igiyoyi, tambayar farko da za a yi mata ita ce: na roba ko na mutum? Mai kitso takan raba gardamar da farashi. Na roba araha, na mutum tsada, kuma a wurinta mai tsadar shi ne na ƙwarai. Sai dai a wannan ƙasa ba kasuwa kaɗai ke da ta cewa ba. Littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai sun daɗe da jera waɗannan abubuwa biyu, kuma jerinsu kishiyar na kasuwa ne. Wanda ya bi tarihin abin zai ga ƙara wani abu a cikin gashi ba baƙon al'amari ba ne a ƙasar Zamfara. Abin da ya canza shi ne inda kayan ke fitowa da tsawon lokacin da suke yi a kai, kuma a kan waɗannan biyun ne zaɓi da kulawa suka rataya.

Zamanin doka da shuni

Hugh Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824 a tafiyarsa tsakanin Kano da Sakkwato, Heinrich Barth kuma ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853. Cikin abubuwan da Clapperton ya lura da su a Kano har da yadda mata ke rina gashinsu da shuni. Babban adon kai na matan Hausa a wancan zamani, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, shi ne doka: a tattara gashi a tayar da shi tun daga goshi zuwa ƙeya bisa wani ƙunshi na tsumma da ake cusawa a ciki, a shafe shi da man shanu. Matan Fulani suna da bijaji, suna maƙala kuɗin azurfa da duwatsun ado a kitsonsu. Akwai kuma kitson zare, inda ake naɗe gashi da baƙin zare don ya miƙe.

Duk abin da ke cikin waɗannan kawuna an san asalinsa. Auduga daga gona ta fito, shuni daga marina, man shanu daga ruga. Kowa kuma ya san doka ƙunshi ne a cikinta, ba wanda ake ruɗa. Shi ya sa sunan da aka raɗa wa ƙarin gashi na baya-bayan nan yake da ma'ana: acuci-maza. Wasu su ce gashin doki. Sunayen biyu suna nuna cewa Bahaushe ya ga bambanci tsakanin adon da ya bayyana kansa da wanda ke shigar burtu.

Shi kuwa gashin da ya cukurkuɗe ya dunƙule da kansa, Hausa tana da sunansa tun da daɗewa: gizo. Ba abin ado ba ne a wurin mutanen da. Namiji kamili aski yake yi ƙwal a wurin wanzami ya sa hula, yaro a bar masa tukku ko zanko, gizo kuwa sai a kan wanda ya daina kula da kansa. Wannan tsohon kallo bai gushe ba, kuma shi ke bin saurayi mai dada har yau.

Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, ya zama ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ta Gusau. Yana kwashe gyaɗa da auduga, yana kawo kayan kantunan Turawa da na Kwarori. Ta irin wannan hanya zaren masana'anta da ulu suka shiga hannun masu kitso. Daga nan abin da ke kan mace ya fara zuwa daga inda ba ta sani ba.

Abin da malamai suka ce

Hadisin da ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake yi wa yana cikin Buhari da Muslim. An kuma ruwaito Mu'awiya ya hau mumbari a Madina riƙe da guntun gashi yana tuhumar malaman garin don me suka bar mata suna haka. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da kusan duk ɗalibin zaure a ƙasar Hausa yake bi ta kansa, ta ambaci hana mata sadar da gashi.

Inda aka rabu shi ne kan abin da aka ƙara. Gashin ɗan Adam, mazhabobin nan huɗu sun haɗu a kan haramcinsa, saboda ruɗi da kuma darajar jikin mutum. A kan ulu da tsumma kuwa, Laisu ɗan Sa'ad na Masar ya ce hanin bai shafe su ba, Hanafiyya ma sun halatta abin da ba gashin mutum ba. Shafi'iyya sun yarda wa matar aure da abu mai tsarki idan mijinta ya amince. Malikiyya, mazhabar wannan ƙasa, ta fi tsanani: abin da aka ruwaito daga Malik shi ne hana sadarwa da kowane abu. Amma Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149, ya fitar da zaren alharini mai launi da makamantansa, waɗanda ba su kama da gashi, ya ce ado ne kawai.

Ke nan wanda kasuwa ta ɗora a sama shi ne ba shi da mai kare shi a fiƙihu, wanda take rainawa kuma shi ne ke da 'yar kafar saɓani, kafar da ke ƙara tsukewa gwargwadon yadda robar ta yi kama da gashin gaske.

Akwai kuma batun tsarki. A Malikiyya ba a wajabta wa mace tsefe kitso don wankan janaba ba muddin ruwa yana ratsawa, sai idan an ɗaure shi tamau ko an naɗe shi da zaruruwa masu yawa. Dadar roba kuwa haka ake yin ta: a kitse gashin mace, a naɗe kowane sili da roba tun daga tushe har ƙarshe. Wannan ita ce tambayar da ta kamata a kai wa malami kafin a zauna gaban mai kitso, ba bayan an biya kuɗi ba.

Zaren Japan da gashin Indiya

Gashin roba na zamani ya samo asali ne daga Japan. Kamfanin da yanzu ake kira Kaneka ya fito da zaren Kanekalon a 1957, aka shiga yin hular gashi da shi a shekarun 1960. Zare ne da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur, yana riƙe siffar da aka ba shi idan aka tsoma shi a ruwan zafi, abin da ya sa masu kitso ke tsoma jelar kitso a tafasasshen ruwa. Yau ana sarrafa irin su Darling da X-pression a Legas, daga can su hauro Arewa.

Gashin mutum doguwar tafiya yake yi. Babbar mahakarsa ita ce wurin bautar Hindu na Tirumala, kusa da Tirupati a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, inda masu ziyara ke aske kawunansu don cika alwashi ga abin bautarsu, hukumar wurin kuma ta yi gwanjon gashin. Wani kuma tsintar sa ake yi daga matajan mata a ƙauyukan Indiya da Myanmar. Mafi yawansa birnin Xuchang na lardin Henan a ƙasar Sin yake nufa, a can a wanke shi da sinadari, a rina shi, a murɗe shi ya koma kamar gashin baƙar fata, a raɗa masa sunan Brazil ko Peru. Asalin nan ya taɓa tayar da ƙura: a 2004 wani babban malamin Yahudawa a Ƙudus, Yosef Shalom Elyashiv, ya haramta hular da aka yi da gashin wuraren bautar Indiya, mata suka riƙa ƙona nasu a Isra'ila da New York. Musulmar da za ta ɗora irin wannan gashi a kanta ta yi salla da shi tana da haƙƙin sanin inda ya fito, kuma da wuya mai sayarwa ya iya gaya mata.

Yadda gizo ya zama dada

Kalmar dada daga Yarbawa muka aro ta. A wurinsu suna ne na yaron da aka haifa da gashi mai dunƙulewa, ana girmama shi, ba a aske shi barkatai. A Sanagal, 'yan Baye Fall, mabiya Shaihu Ibra Fall a ɗariƙar Muridiyya, suna barin irin wannan gashi. Dunƙule gashi ma ba baƙo ba ne a tarihin Musulunci, domin Ibn Umar ya ruwaito Annabi (SAW) ya yi harama da gashinsa a manne, abin da ake kira talbidi. Amma abin da ya yaɗa dada a duniya shi ne aƙidar Rastafari da ta tsiro a Jamaika a shekarun 1930, da waƙoƙin Bob Marley, wanda ya mutu a 1981. Majek Fashek da Lucky Dube suka kawo ta kusa da mu, 'yan ƙwallo da intanet suka ƙarasa.

Dada ta asali gashin mutum ne na kansa, a murɗe shi a bar shi ya sarƙe, aikin da ke cin shekara ko fiye. Kasuwa ce ta kawo gajeriyar hanya iri biyu. Ko dai a naɗa roba ko ulu a kan kitso na 'yan makonni, ko a haɗa igiyoyin gashin wani da tushen naka da ƙaramin kwarashi, su zauna shekaru. Ga namiji, ko wacce ya ɗauka tana da farashi na daban. A zanga-zangar EndSARS ta 2020 matasa sun yi ta kokawa cewa dada kaɗai kan jawo a tare mutum a hanya. A yankin da rashin tsaro ya sa kowa kallon baƙo da tuhuma, kamar hanyar Kaura zuwa Shinkafi ko Zurmi, wannan ba ƙaramin abin lissafi ba ne.

Zaɓi da kulawa a ƙasar hunturu

Na roba na wucin gadi ne. Mako shida zuwa takwas ya isa a cire shi, domin nauyinsa yana jan sabon tsiro, kuma jan da ya daɗe shi ke cinye gashin goshi. Idan tushen ya mutu ba ya dawowa. Duk kitson da ya hana barci ko ya fito da ƙuraje a gefen kai ya yi tsauri, a sassauta shi a ranar. Masu fama da ƙaiƙayi sukan jiƙa robar a ruwa mai ɗan khal kafin a sa, a ɗauraye, a shanya. Ba ya karɓar lalle ko rini, kuma yana narkewa kusa da wuta, abin lura ga mai girki a murhu. A Fabrairun 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada nau'i 10 na gashin kitso na roba, ta sami sinadaran da ake dangantawa da ciwon daji a dukkansu, dalma kuma a guda 9. Ba a kwatanta wannan da bala'in Anka da Bukkuyum na 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, amma Bazamfare ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan dalma. Aƙalla kada a riƙe zaren a baki yayin kitso, kada a ƙona bakinsa a ɗaki rufe, kada a bar jariri yana tsotsa.

Na mutum ya fi sauƙin nauyi a bushe, yana wankuwa, yana rinuwa, amma yana shan ruwa kamar soso. Igiyar da aka rufe da ɗankwali da hijabi tana da danshi takan yi fumfuna daga ciki, warin kuma ba ya fita da sauƙi. A wanke da safe, a bushe sarai kafin a ɗaura. Man shanu da man kaɗe, waɗanda suka yi wa doka aiki, a nan illa suke yi: suna maƙalewa a cikin igiya su kama ƙurar hunturu. Karkashi kuma santsinsa na warware saƙar. Ruwan ganyen magarya da aka tace, ko sabulun da ba ya barin saura, da ɗan mai mara kauri a fatar kai kawai, sun wadatar. A garin da ake sayen ruwa a jarka, sai a sa wannan wankin cikin lissafin kuɗi tun farko. Algus ma ya yi yawa. A ciro sili ɗaya a kai shi wuta: na mutum yana ƙaurin babbaka ya zama toka, na roba ya dunƙule ya yi tauri.

Saura hanya ta uku, wadda mai kitso ba ta cika ambata ba saboda ribarta kaɗan ce: mutum ya murɗe nasa ya yi haƙuri. Babu batun sadarwa a cikinta, babu tambayar asali, sai dai tabbatar da ruwa yana isa fatar kai. Gashin baƙar fata shi ya fi kowane saurin sarƙewa, shi ne ma masana'antun Xuchang ke wahalar kwaikwayo.

Kakar da ta yi doka a Birnin Tsaba ta san gonar da tsumman kanta ya fito, ta san ranar da za ta tsefe. Jikarta da ke gaban madubi a Kaura za ta iya neman wannan sanin kafin ta miƙa kai: mene ne wannan, daga ina ya zo, yaushe zan cire shi, kuma ruwan wankana zai ratsa?