Aisha Maki, ƴar Damagaram mai sinimar gaskiya

Yau za mu ba ku tarihin wata sana'a da wata ƴar ƙasarmu da ta riƙe ta.

Sinima iri biyu ce. Akwai ta wasa, wadda ake tsara labari a ba mutane su kwaikwaya. Akwai kuma ta gaskiya. A cikinta ba a kwaikwayo. Mahauci mahauci ne, manomi manomi ne, kowa da bakinsa yake magana.

Ƙasarmu Nijar ta daɗe a wannan aiki. Mustafa Alasan ya yi fim ɗin Aure a 1962. Umaru Ganda ya fara da fitowa cikin fim ɗin wani Bafaranshe, Jean Rouch, a 1958. Daga baya ya kama yin nasa. A 1972 shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin sinima na Wagadugu.

To, yaya ake yin sinimar gaskiya? Da farko mai shiryawa yana zama da mutane har su saba da shi. Sannan a ɗauki hoto da murya, kwana da kwanaki. Bayan haka sai aikin yanka da haɗi. Ku dubi tela: yana yanka yadi, ya zubar da ƙyalle, ya ɗinka riga. Haka mai haɗa fim yake yi, shi da mai shiryawa. A da, da almakashi ake yanka zaren hoto a liƙa. Yanzu da kwamfuta ake yi. Nan amana take. In aka yanke rabin maganar mutum, ana iya mai da mai gaskiya maƙaryaci.

An haifi Aisha Maki a Damagaram a 1982. Ta yi karatun sanin zaman jama'a a Jami'ar Yamai. Ta koyi aikin sinima a Yamai da Senegal. A 2016 ta fito da fim mai suna Itacen da ba ya ƴaƴa. Ya yi magana a kan matan da ba su samu haihuwa ba. Kun san yadda ake yi musu gori, ana ɗora musu laifi su kaɗai, alhali wani lokaci matsalar daga miji take. Aisha ba ta tsaya bayan na'ura kawai ba. Ta faɗi nata labarin, don ita ma abin ya shafe ta. Shi ya sa mata suka saki jiki da ita. A shekarar nan fim ɗin ya ci kyauta a Najeriya.

A 2021 ta yi wani fim, ta sa masa suna Zinder. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare a da. Can ta zauna da samarin ƙungiyoyin da ake kira fale, waɗanda mutanen gari ke tsoro. Ta nuna mai kabu-kabu da ya bar ta'adi, da mai fasa-ƙwaurin mai daga iyaka. Ba ta wanke su ba, ba ta kuma zage su ba. Ta bar mu mu ga rashin aiki da rashin makaranta da idonmu. An nuna fim ɗin har ƙasar Suwis.

Ku mutanen Gure da kewaye, ga abin da za ku tattauna in kun taru. Wace magana ce a garinku kowa ya sani, amma ba mai faɗa? In mai na'ura ya zo, wa za ku so a ji bakinsa?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.