Rawani da Riga a Ƙasar Gobir, Daga Alkalawa Zuwa Sabon Birni da Isa

Wanda ya ga samarin Sabon Birni ko na Isa ran kasuwa, wani cikin kaftani da hula, wani cikin shat ta gwanjo kai ba hula, sai ya zaci zancen tufafi son rai ne kurum. A ƙasar Gobir kuwa an yi zamanin da abin da mutum ya naɗa a ka ke nuna wanda yake bi.

Cikin shekarar 1788, a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ran idi, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar tasa, ya roƙi abu biyar maimakonta. Ɗaya daga ciki shi ne a girmama duk mai rawani. Watau tun a sa'an nan rawani ya zama alamar jama'ar Ɗegel. Da Nafata ya ci sarauta, ya ga jama'ar nan sai ƙaruwa take yi, sai ya sa aka yi shela kada namiji ya naɗa rawani, kada mace ta yi lulluɓi. Nafata ba jahili ba ne game da ƙarfin tufa: ya san idan mutane suka yi kama ɗaya, za su ga yawansu a kasuwa. Dokar ba ta ci ba. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, Alkalawa kuma ta faɗi cikin 1808, aka kashe Yunfa.

Abin lura shi ne, shugabannin da suka tsaya wa rawani ba masu son ƙawa ba ne. An ruwaito Shehu bai tara tufafi ba, riga ɗaya da wando da rawani sun ishe shi. Amma nasara ta kawo ganima, ganima kuwa ta kawo riguna. Tun yaƙi bai ƙare ba ƙanensa Abdullahi ya yi kuka, kamar yadda ya zo cikin Tazyinul Waraƙati, da waɗanda hankalinsu ya koma ga mulki da dawaki da tufafin alfarma. Kukan nan bai hana kome ba. Cikin ƙarni na 19 rigar saƙi da ta tsamiya, da aikin aska takwas, da baƙin rawanin turkuɗi na Kura ta ƙasar Kano, su suka zama kayan manya. Rawanin da aka hana a Alkalawa ya zama tufar masu iko, Bahaushe kuma kan ce an naɗa wane sarauta.

Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga baya Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa ya kafa Sabon Birni, Isa kuwa tana hannun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Gari biyu, kowane da Sarkin Gobir nasa, kuma a fada ba a iya bambanta su da riga. Zanen fuska ne ke nuna Bagobiri. Talaka dai, a ko'ina, yana gona da bante ko walki, 'yar taguwarsa ta Salla tana rataye. Shi ba shi da zaɓi tsakanin ado da rashinsa.

Zaɓin ya zo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato cikin 1903, sa'ad da akoko da alawayyo na kanti suka yawaita, teloli suka sami keke, 'yan makaranta suka saba da gajeren wando. Kaftani ya shiga tsakanin babbar riga da kayan aiki, ya isa shiga masallaci, bai kuma hana hawan basukur ba. Dattawa sun yi ta ƙorafi, suna ganin mai fita ba babbar riga kamar bai gama shiri ba. Wajen mata abin ya bi wata hanya dabam: bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos cikin 1978, hijabi ya yi ta maye gurbin gyale, har a ƙauyukan bakin iyaka. Saurayin da ya wuni cikin shat kuwa, in aka ce ɗaurin aure ko Juma'a, sai ya nemi shadda mai guga, ko da ta aro ce.